Yadda dan kasuwa zai nemi taimakon karamar hukuma in annoba ta shigo

Jama'a assalamu alaikum. Abin da ya sa na zauna rubuta wanga bayani shi ne sankarau da ya leko Gwandu da Jega da Aliero nan jiharmu ta Kebbi a farkon 2025, sai na ji 'yan kasuwarmu sun koma irin tambayoyin da munka yi ta yi a 2020 lokacin korona, wai in anka rufe kasuwa ina za mu nufa, wa ake gani, me ake rikewa a hannu. Ni a lokacin nan ni ke rike da littafin kungiyar 'yan tireda ta kasuwarmu, kafata ta san hanyar sakatariyar karamar hukuma sarai, na ga wadanda sunka samu kuma na ga wadanda sunka tashi a tutar babu, kuma wallahi mafi yawan wadanda sunka rasa sun fi kowa bukata, abin da ya kada su kawai sunansu bai hau takarda ba.

Ku tuna yadda abin ya zo mana. Watan Maris na 2020 ana ta bikin kamun kifi a Argungu gari cike da baki, kafin watan ya kare an ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja, can kuma anka hana zirga-zirga tsakanin jihohi sai 1 ga Yuli anka sake, ga azumi ya shigo a tsakiya, ga boda dama a rufe tun Agustan 2019, mutanen Kamba da ke bakin boda su za su ba ka labari don tasu sai Afrilun 2022 anka bude. A takarda an ce kayan abinci su wuce, amma a hanya shinge ne bayan shinge, mai albasa daga Aliero motarsa ta kwana uku ta kwana hudu kafin ta isa kudu, masu saye kuma sun daina hawowa. To ko inda ba a garkame mutane cikin gida ba ciniki ya mutu murus.

Abu na farko da nike so kowa ya gane, karamar hukuma ba ta da wani buhun kudi da ta aje tana jiran annoba. Manyan kudin da anka ji a 2020 duk daga sama sunka fito. Babban banki ya ware naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL, gwamnatin tarayya ta kawo Survival Fund na biliyan 75 inda masu sana'ar hannu da direbobi sunka samu 30,000 kowa, anka kuma yi wa kananan 'yan kasuwa 250,000 rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kyauta, sai aikin nan na mutum 1,000 a kowace karamar hukuma ana biyan 20,000 a wata har wata uku, mu Kebbi da kananan hukumominmu 21 ka ga mutum 21,000 ke nan, daga baya shirin tallafi na NG-CARES ya zo da kudin Bankin Duniya dala miliyan 750. To in ka je sakatariya kana cewa ciyaman ya ba ka jari, za a ce maka Allah ya kawo, ka dawo gida da bacin rai. Abin da ke hannunsu guda biyu ne kuma su za ka bi. Na daya kasuwar kanta, don tsarin mulki na 1999 a jadawali na hudu ya damka musu kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kwasar shara da sa ido kan shaguna da gidajen abinci. Na biyu lis, wato in sama ta ce a kawo sunaye, sau da yawa ta wurinsu da ta wurin kungiyoyi ake bi.

Maganar lis nan zan fi dadewa don nan ne ake yin kuka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau da ake zaune lafiya ku samu littafi babba mai bangon kwali, kowace sana'a da nata, 'yan tireda, 'yan gwari, teloli, mahauta, masu shayi, 'yan kabu-kabu, har 'yan dako kar a bar su. Kowane mutum a rubuta cikakken sunansa yadda yake a banki, ba sunan da ake kiransa a kasuwa ba, sai lambar waya, lambar rumfa ko layin da yake zama, irin sana'arsa, yara nawa ke aiki karkashinsa, da sunan banki da lambar akawun. In kungiyar ba ta da rajista ku je sashen walwalar jama'a na karamar hukuma ku tambayi yadda ake yi, ku biya ku karbi rasit da satifiket, don ranar rabo kungiya mai takarda ake fara kira.

Sannan kowa ya duba BVN dinsa da NIN ya tabbata suna da ranar haihuwa iri daya ne. Danna *565*0# da layin da ka yi rajistar BVN da shi za ka ga BVN, *346# kuma na NIN, ana dan cire kudi kadan. Akwai wata dattijuwa mai kuli-kuli da man gyada a bakin kofar kasuwarmu, shekara da shekaru tana nan kowa Inna yake ce mata, sunanta ya shiga lis lafiya lau amma a banki an rubuta sunan mijinta a karshe, a katin dan kasa kuma sunan mahaifinta, kwamfuta ta ki ta. Ranar da alat ya fara shigowa wayoyin mutane ta zo ta tsaya gaban tebur dina da karamar wayarta daure da kyauro, ta miko min ta ce dan nan duba min ko nawa ya shigo ban gani ba. Na duba na sake dubawa babu komai, na ce Inna ki yi hakuri sai mun gyara suna. Kafin a yi rantsuwar kotu a kai banki a gyara an rufe shafin tallafin. Har yau abin yana ci min rai, don gyaran da an yi shi da wuri bai wuce yini biyu ba.

Kuma don Allah kar a manta matan da ke sana'a cikin gida, masu dinki, masu surfe da gumin shinkafa, masu fura, masu kitso. Su ba su zuwa taron kungiya, sai an samu mace guda mai karatu a kowace shiyya ta bi gida-gida da littafinta, a sanar da mai unguwa tukuna don kar mazaje su zargi wani abu.

To annoba ta shigo, me za ku nema? Ku nemi abin da sa hannun ciyaman kadai ya isa ya yi. A dage karbar kudin rumfa da tikitin kullum na wata biyu ko uku, ko a rage rabi. In ana maganar rufe kasuwa ku roki a yi karba-karba a maimakon haka, masu hatsi da kayan miya su fito kullum, sauran layuka a raba musu ranaku, ko a fadada zuwa wani fili don a rage cunkoso. A kawo tankin ruwa da sabulu kowace kofa, a kwashe bola, a gyara ban-dakin kasuwa, wanga ma ya fi karfi in amai da gudawa ne. A ba direbobin da ke daukar kayan abinci takardar shaida mai hatimi da za su nuna a shinge, ba ta hana komai da komai amma tana rage tsayuwa. In kuma za a sayi takunkumi don rabawa, a ba telolin garin kwangilar, mu munka roki haka kuma kekunan da sunka yi sati biyu a rufe sunka koma kara, ko ba yawa an samu na cefane.

Yadda ake rubuta takardar, shafi daya ya isa, kar a cika ta da kirari. Kwanan wata a sama, sunan kungiya da yawan membobi, abin da ya same ku cikin layi uku ko hudu, sai bukatunku kar su wuce hudu, a kasa shugaba da sakatare su sa hannu, sarkin kasuwa ya sa nashi, in da hali uban kasa ya buga hatimi. Abin da mutane ke mantawa shi ne su rubuta abin da su ma za su yi. Ku ce mun dauki alkawarin sa matasa biyu a kowace kofa su tabbata an wanke hannu, za mu share layukanmu da kanmu, duk wanda munka ga alamar ciwo gare shi za mu sanar da asibiti. Hukuma tana jin tsoron a ce cuta ta bazu daga kasuwarta, in kun cire mata wanga tsoro ta fi saurin sakin hannu.

Ku yi fotokofi biyu. Daya a mika a ofishin karbar wasiku, daya kuma a buga muku sitam da kwanan wata ku dawo da ita, kar ku yarda da "aje nan zan kai masa". Mu takardarmu ta farko haka ta bace, munka yi sati uku muna jiran amsar wasikar da ba wanda ya gani, da munka koma ma'aikacin ya daga fayil-fayil ya ce shi bai san da ita ba, kuma ba mu da abin nunawa, dole munka sake sabuwa.

Wajen zuwa kuma mutum uku ko hudu sun isa, lokacin annoba ne in kunka taho da zuga tun daga get za a maida ku. Ku dauki kansilan mazabarku don aikinsa ke nan. Kar ku dage sai ciyaman, sau da yawa yana Birnin Kebbi wajen mitin, ku ga sakatare, ku ga jami'in kudin shiga don shi zai lissafa abin da za a rasa in an dage haraji, ku ga shugaban sashen lafiya da duba-gari don maganarsu ce ke sa a rufe ko a bari. A yi magana da ladabi, ranka ya dade ga halin da talakawanka ke ciki, ga abin da muke roko ga abin da mu za mu yi. Kafin ku tashi ku tambaya yaushe za mu dawo, ku rubuta ranar a gabansu, ranar kuma ku dawo ko ana ruwa. In an amince a dage kudin rumfa ku roki a ba ku a rubuce a lika a kofar kasuwa, in ba haka ba yaran tikiti za su ce su ba a fada musu ba.

Wani wuri da mutanenmu sunka kone shi ne rashin bambance tallafi da bashi. Na Survival Fund kyauta ne, na NIRSAL kuwa rance ne mai kudin ruwa kashi 5 cikin 100 a farko, amma anka rika yadawa wai rabon gwamnati ne ba a biya, mutane sunka karba wasu sunka yi aure wasu sunka sayi mashin, daga baya sai ga shi ana zare kudi daga akawun dinsu ta hanyar BVN. Kafin ka sa hannu ko ka danna amincewa a waya ka sa a karanta maka, ka tambaya kai tsaye, wanga kudi ana biya ko ba a biya, nawa ne a wata, yaushe za a fara. Wanda kuma yake da damuwa kan kudin ruwa ya tambayi malaminsa tun kafin kudin su shigo, ba bayan an kashe ba.

'Yan damfara ma lokacinsu ke nan. Duk link din da anka turo a WhatsApp wai cika ka samu tallafi, kar ka taba sai ka tambaya a sakatariya ko ka ji a rediyo. Ba ma'aikacin gaskiya da zai nemi lambar sirrin katinka ko lambar nan da banki ke turowa a tes. Masu cewa kawo BVN dinka in cika maka in ya fito mu raba biyu, ka sani in bashi ne kai kadai za a bi da duka. Gara kungiya ta zabi yaro guda amintacce mai kwamfuta, a zauna a ofis a cika wa kowa a gabansa, a biya shi ladansa daga asusun kungiya.

In lis ya fito ku nemi a lika shi a fili, ku gwada da littafinku. In kunka ga sunan wanda bai taba kasa ko tsinke a kasuwa ba alhali an bar masu rumfa, a rubuta korafi da sunaye a kai wa sakatare, kofi ga uban kasa, ban da zagi a Facebook don yana rufe kofar da kuke bukata gobe. Tun hukuncin kotun koli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a rika ba kananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuna da karin hujjar tambayar ciyaman me anka ware wa kasuwa a kasafin bana, kuma lokacin tsara kasafi ya kamata ku kai bukatar tanki da ban-daki da magudanar ruwa.

Mu yanzu duk bayan sallar layya muke sabunta littafinmu, a cire wanda ya rasu ko ya tashi, a sa sabbin da sunka kama rumfa, a sake gwada lambobin waya don mutane na yawan canza layi. Kofi daya yana wurin shugaba, daya wurin sarkin kasuwa, na kuma dauki hoton kowane shafi na aje a waya saboda gobara. Kowane memba yana zuba 200 ranar kasuwa a asusun ko-ta-kwana, daga ciki ake biyan kudin mota zuwa sakatariya da fotokofi, kuma daga ciki munka biya wa Inna kudin gyaran sunanta, yanzu BVN dinta da NIN sun zama daya.