Yadda ake lulluɓe ƙarfe da ƙwayoyin yumɓu ta hanyar lantarki

A shekarar 1807 wani masani mai suna Reuss ya lura a birnin Mosko cewa ƙwayoyin yumɓu da ke cikin ruwa suna tafiya idan aka sa musu lantarki. Da wannan dabarar ake yi wa jikin mota fentin farko a masana'anta, da ita kuma masu bincike ke shimfiɗa ƙwayoyin da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ni da ɗalibaina mun gwada ta a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, da yumɓun bakin kududdufi.

Ka tanadi yumɓu irin na masu ginin tukwane, cokulan silba biyu, batir mai bolt 9, waya da kofin gilashi.

Fara da dama yumɓu cokali ɗaya a kwalbar ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye ta kwana. Yashi da manyan ƙwayoyi za su kwanta a ƙasa. Ruwan saman nan mai duhu-duhu kamar tsinkakken koko shi kake nema, domin mafi ƙanƙantar ƙwayoyi ne ke yawo a ciki. Tsiyaye shi a hankali cikin kofin gilashin.

Maganar ruwa ita ce babba. Yi amfani da ruwan sama, ko tataccen ruwan da masu cajin batir ke sayarwa (ka tabbatar ba asid ba ne). Karon farko ruwan rijiya muka ɗebo, mai ɗan gishiri-gishiri, sai ƙwayoyin suka dunƙule suka zube ƙasa, yara suka yi ta dariya. Gishiri yana raunana ture juna da ƙwayoyin ke yi, alhali wannan turewar ce ke riƙe su a cikin ruwa.

Wanke cokulan da sabulu, kada maiƙo ya saura. Tsoma su a kofin da tazarar kamar faɗin yatsa, kada su taɓa juna, ka haɗa kowanne da kai ɗaya na batir. Yumɓu cajinsa na ragi ne, wato mai alamar −, don haka cokalin da ke kan alamar + zai nufa.

Bayan 'yan mintuna ka zare shi sannu. Daɗewa na ƙara kauri, amma kumfar iskar da lantarki ke fitarwa daga ruwa tana huda fatar yumɓun da ta lulluɓe cokalin, shi ya sa masu bincike kan koma ga sinadarai irin ethanol. Shanya cokalin a inuwa, don rana tsattsaga fatar za ta yi.