Yadda Ake Tsara Netwok ɗin Ofis Don Kiran Intanet Da Ayyukan Gajimare

Imel yana da haƙuri. Ko ya makara da daƙiƙa biyar, ba wanda zai lura. Murya kuwa ba ta jira. Da ta ɗan makara sai ka ji kuna katse wa juna magana, ko abokin ciniki yana ta "halo, halo" har ya gaji ya kashe. Duk ofishin da ya mayar da wayoyinsa kan intanet, ya kuma kai takardunsa da lissafinsa gajimare, wato sabobin wani kamfani da ake shiga daga nesa, to ya rataya cinikinsa ne a jikin netwok. Ga yadda ake ɗaure shi da kyau.

Mataki na farko, yi lissafi. Kira ɗaya a tsarin G.711, wata hanyar mayar da murya bayanan kwamfuta, yana cin kilobit 64 a daƙiƙa, idan aka haɗa da bayanan adireshin da ke manne da kowane ƙunshi, wato guntun bayanin da ake aikawa, ya kai kusan 87, zuwa da dawowa kowanne da nasa. Ke nan mutum 20 a kan waya lokaci guda ba su cinye megabit 2 ba. Murya ba ta da ci, tsari take so. Ana yayyanka ta ne gutsi-gutsi, galibi ƙunshi 50 a daƙiƙa, kuma wanda ya ɓace a hanya ba a sake aiko shi. Saboda haka riƙe adadi uku: jinkirin tafiya ɗaya kada ya wuce milisakan 150, kamar yadda ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawara. Saɓanin lokacin isowar ƙunshi kada ya wuce milisakan 30. Abin da ke zubewa kada ya kai kashi 1 cikin 100. Kuma ka tambayi saurin ɗorawa, domin masu sayar da intanet saurin saukewa suka fi tallatawa.

Na biyu, raba hanya, ka ba murya gaba. Ware wa wayoyi VLAN nasu, wato keɓantaccen sashe a cikin netwok ɗin, kwamfutoci nasu, baƙi nasu. Sannan ka kunna QoS, wato tsarin fifita wasu bayanai a kan wasu, ka sa wa ƙunshin murya alamar fifiko ta DSCP 46. A nan ne da yawa suke tsayawa, suna zaton an gama. Wannan alama a cikin gidanka take da daraja, da ta fita babban titin intanet galibi ba mai kula ta. Cunkoson da ke lalata kira yakan taru ne a bakin ƙofar fita, lokacin da wata kwamfuta ta fara tura manyan fayiloli gajimare ta cika layin ɗorawa. Maganinsa shi ne ka ƙayyade wa rautarka, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, saurin da ya gaza na layin kaɗan, misali kashi 90 cikin 100, domin jerin gwanon ya taru a na'urar da kake da iko da ita, ita kuma ta riƙa shigar da murya gaba. A ganina wannan saiti ɗaya ya fi sayen ƙarin megabit amfani. Ajiyar fayiloli ta kullum kuma, mayar da ita dare.

Na uku, wayar tebur a ja mata kebul. Cat6 ya wadatar, muddin tsawonsa bai wuce mita 100 ba. Sayi suwici, wato na'urar da kebul ɗin wayoyi ke haɗuwa a jikinta, mai PoE, wanda ke ba waya wuta ta kebul ɗin kanta, har wat 15.4 a ƙa'idar 802.3af. Amfaninsa shi ne batirin UPS ɗaya a jikin suwici zai riƙe duk wayoyin idan wuta ta ɗauke. Kada ka manta da rauta da akwatin mai ba ka intanet, su ma a jona su.

Na huɗu, layi biyu. Alƙawarin cewa layi zai yi aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci yana da daɗin ji, amma fassararsa ita ce kusan awa 9 babu intanet a shekara, kuma ba kai za ka zaɓi ranar ba. Ɗauki layi na biyu daga wani kamfani, ka kuma bincika ta ina kebul ɗinsa ya biyo. Kamfani biyu da suka bi rami ɗaya, motar haƙa ɗaya ce za ta tsinke su tare. Faiba da 4G ko 5G haɗi ne mai kyau, tunda ɗaya ta ƙasa ne ɗaya ta iska. Sai dai ka sani, idan rauta ta sauya layi adireshin IP yana canzawa, kiran da ake ciki yakan yanke, in ba ka yi amfani da irin tsarin SD-WAN da ke riƙe shi ba. Ka kuma sa kamfanin wayar ya riƙa karkatar da kira zuwa wayoyin hannu idan ofis ya ɓace masa.

Na biyar, tsaro. Canza kalmar sirrin da kowace na'ura ta zo da ita. Kada ka bar ƙofar SIP ta 5060, wadda wayoyin intanet ke ƙulla kira ta cikinta, a buɗe ga duniya, domin ɓarayin kira suna lalube ta dare da rana, su buga ƙasashen waje a bar ka da biya. Kunna TLS da SRTP, masu kare kira daga masu satar ji, ka rufe kiran ƙasashen da ba ka hulɗa da su. Idan kana jin mutum shi ba ya jin ka, fara duba saitin SIP ALG a rauta, kashe shi yakan warware matsalar.

Daga ƙarshe, gwada da hannunka. Zaɓi lokacin da aiki ya lafa, buga kira, ka sa wata kwamfuta ta tura babban fayil, ka saurari muryar. Sannan ka zare kebul ɗin babban layi, ka ƙirga daƙiƙoƙin da na biyu zai ɗauka kafin ya kama. Kashe wutar ɗakin na'urori ka ga minti nawa batiri zai yi. Rubuta abin da ka samu da kwanan wata, ka maimaita bayan wata uku, domin batiri yana tsufa, katin layin ko-ta-kwana kuma yakan ƙare ba wanda ya sani.