Yadda za ki gane abin da ya sauya launin hannunki

Kafin ki nufi kasuwa neman man shafawa, wanke hannun da sabulu, ki fito tsakar gida da rana ki duba shi. Hasken ɗaki yana ɓoye launi.

Da farko ki tuna abin da hannun ya taɓa kwanan nan. Ruwan jabel, omo, da dayis ɗin da ake zana ƙunshi da shi don ya yi baƙi wuluk, duk suna iya ƙona fata, in ta warke ta bar tabo mai duhu. Dayis yana ɗauke da wani sinadarin rini da ake kira PPD, wanda fatar wasu ba ta jure shi, shi ya sa wata amaryar za ki ga zanen ya kumbura mata, furen ya fito raɗau har bayan biki.

Sai ki dunƙule hannun. In ya yi haske amma gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin, sau da yawa aikin man sa fari ne, mai ɗauke da sinadarin hydroquinone ko clobetasol. Kada ki bi shi da wani man "goge gaɓa", ƙara ɓata wurin yake yi. A nemi likita ya nuna yadda za a daina.

Buɗe tafin, ki jera shi da na wani a gidan. In ya yi fari fat, a auna jini, musamman ga mai ciki ko wadda ta sha zazzaɓin damina. In ya yi rawaya, ido ma rawaya, ciwon shawara ne, kada a kwana ba a je asibiti ba.

Wanda na fi so ki kula da shi shi ne tabo mai haske da ba ya ƙaiƙayi. Rufe ido, wani ya riƙa shafa auduga a kan tabon da gefensa, kina faɗin inda kika ji. In tabon fari ne kamar madara kuma kina jin audugar, galibi launin fata ne ya gushe, ba a ɗaukarsa wurin cin tuwo tare. In ba ki ji komai ba, yana iya zama farkon kuturta. Ana warkewa da maganin wata 6 ko 12, kyauta ne, kuma asibitin Danja da ke kudu da Maradi ya daɗe yana wannan aiki. Wanda ya je da wuri ba ya rasa yatsa.

In za ki tafi, ɗauki kwalbar duk man da kike shafawa, har da haɗin da aka ƙulla miki a leda.