Garin zogale don ƙarin jini: yadda ake haɗa shi a Legas

Ki sayi ɗanyen ganye a kasuwar Mile 12 ko ta Agege, ki tsinke, ki wanke, ki tsane. Ki baza shi a faranti a inuwa, don rana tana rage masa amfani. Matsalar Legas laima ce: in kin tara shi da kauri, sai ya yi baƙi ya yi funfuna. Ki baza sama-sama kusa da fanka, kina juyawa har ya riƙa rugujewa a hannu. Ki daka, ki tankaɗe, ki rufe a kwalba.

Ƙaramin cokali 1 a kunu kullum ya isa, yawansa yana kawo gudawa. Kada ki kora da shayi, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini; ruwan lemon zaƙi ya fi. Mai ciki kuwa, ta guji saiwarsa da ɓawonsa.