Yadda malami zai gane rubutun ƙirƙirarriyar basira ba tare da ya zalunci ɗalibi ba

Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai yi wa mutum rubutu, a Nuwamban 2022, duba jingar ɗalibai ya zama aiki biyu: a ga ko amsa ta yi, a kuma gano wa ya rubuta. Daga malaman Jami'ar Jos har na sakandaren Unguwar Rogo, kowa na fama. Alama ɗaya ba ta isa hujja ba, sai an haɗa.

Fara da manazarta, don nan ne asiri ya fi tonuwa. Zaɓi uku daga ciki, ka kwafi sunan kowace muƙala ka nema a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana. Mai lambar DOI (lambar shaidar muƙala a intanet) kuma ka saka lambar a doi.org. Ita ƙirƙirarriyar basira hasashen kalmar da za ta biyo baya take yi, shi ya sa takan ɗauko sunan masani na gaskiya da mujalla ta gaskiya, ta laƙa musu muƙalar da ba a taɓa rubutawa ba. Haka ta yi wa wasu lauyoyi a New York a 2023, suka kai wa kotu shari'o'in bogi, aka ci su tarar dala 5,000. A Mayun 2025 ma jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, goma daga ciki babu su a duniya. To amma sababbin manhajojin suna leƙa intanet, don haka littafin na iya zama na gaske. Buɗe shi, ka je shafin da aka ambata, ka ga ko maganar na wurin.

Daga nan ka nemi abin da sai ɗan gari ke sani. Wanda ya je kasuwar Farin Gada ya yi bincike kan cinikin tumatir zai faɗi kuɗin kwando, da watan da kaya ke faɗuwa, da rabon dillali. Na'ura kuwa sai ta cika shafi da "manoma na fuskantar ƙalubale daban-daban", maganar da za ta hau kowace kasuwa. Rubutu kan kasuwancin Jos da ya wuce gobarar kasuwar Terminus ta 2002 ko tari bai yi ba, a sa masa ido.

Sai ɓurɓushin da mai kwafi ke mantawa: alamar tauraro bibbiyu (**) a gefen kanun magana, ko "Tabbas, ga muƙalar da ka nema" a layin farko, ko adireshin intanet mai ƙarewa da utm_source=chatgpt.com.  A rubutun Hausa za ka ji Turanci kwance a ƙarƙashin jimla, mace ta koma "shi" a tsakiyar sakin layi. Sai dai Google Translate ma yana haka.

Manhajojin ganowa irin su GPTZero da Turnitin fa, a yi hattara da su. OpenAI da kansa ya fitar da tasa a Janairun 2023, ya janye ta a Yuli, saboda kashi 26 cikin 100 kawai na rubutun na'ura take kamawa. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan manhajoji bakwai a kan rubutun jarrabawar gwajin Turanci ta TOEFL na mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, sama da kashi 60 cikin 100 aka ce na na'ura ne, alhali mutane suka rubuta. Dalili shi ne wanda ya koyi Turanci a aji yakan tsaya kan sanannun kalmomi da jimloli masu sauƙi, abin da manhajar ke farauta ke nan. Ɗalibanmu a wannan sahu suke. Kada a kayar da yaro saboda wata lamba da kwamfuta ta nuna.

Idan zargi ya yi ƙarfi, ɗauko takardar gwajin da ya rubuta da hannu a aji ka jera su. In a Google Docs ya yi aikin, ya buɗe maka tarihin gyare-gyare: wanda ya rubuta da kansa za ka ga aikin na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, da gogewa da sakewa, ba shafi biyar su faɗo lokaci guda ba. Sannan ka zaunar da shi a ofis minti goma, ba a gaban 'yan aji ba. Kada ka ce "kai ka rubuta?", don amsar sananniya ce. Nuna masa sakin layi ɗaya ya bayyana shi da Hausa, ka tambaye shi inda ya samo littafi na biyu a jerinsa da abin da marubucin ya ce.