Yadda ake lulluɓe tsohon kwale-kwale da faiba a tsakar gida

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tunda na maida kwale-kwalen kawuna ruwa mutane ke tare ni da tambaya wai me na shafa mishi ya bar yoyo, shi yasa nace bari in faɗi komi yadda nayi shi. Jirgin na katako ne, tsawonshi mita 6, ya daɗe yana kamun tarwaɗa da ƙarfasa a tafkin Gidimuni kan hanyar Gure, har ya kai in mutum biyu sun shiga ɗaya na jefa birgi ɗaya kuma aikinshi kwalfe ruwa da ƙwarya. Kawu yace a faskara shi a yi makamashi, ni ko raina bai bani ba don a cikinshi na koyi riƙe filafili, sai na roƙe shi ya bar mini na ɗauko shi zuwa gida nan Damagaram.

Abu na farko da nake so kowa ya riƙe: faiba, wato zanen zaruruwan gilashi da ake mannawa da rezin (wani ruwa mai danƙo da ke daskarewa yayi tauri), bata warkar da ruɓaɓɓen katako, kuma bata kama jiƙaƙƙe. Karon farko da na gwada kwana 5 kawai na bari jirgin ya sha iska na hau shafawa saboda ɗoki, kafin wata biyu duk abin ya ɓanɓaro kamar ɓawon rogo, kuɗin rezin ya tafi a banza, wallahi abin ya ci mini rai sosai. Sai a karo na biyu na natsu.

Ka kifa jirgin bisa tsoffin tayoyi ko bulo yadda iska zata ratsa ƙarƙashi, kuma gara bazata same shi ba. A inuwa zaka aje shi, in ka bar shi a tsakar rana katakon zai tsage ya kantare. Ni sati 6 na bashi. In kana so ka gane ya bushe, manna farar leda da salatif a jikin katakon ta kowane gefe ka bar ta kwana ɗaya, in ka ga gumi a cikinta to da saura, ka ƙara haƙuri. Lokacin da yafi dacewa shine hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu, iska busasshiya ce kuma zafi da sauƙi. Afrilu da Mayu ko zafinmu na wuce digiri 40, rezin zai daskare maka a cikin kwano kafin ka kai buroshi jikin jirgi.

Yana bushewa sai ka ɗauki sukundireba ka bi katako ɗaya bayan ɗaya kana caka. Duk inda ya nutse kamar cikin burodi wannan gurin ya mutu, a yanke shi har sai an iske lafiyayye, a sa sabo. In baka iya ba kira kafinta, ba abin kunya bane. Ƙusoshin da suka yi tsatsa a zare su a maida sukurori marasa tsatsa. Sannan aikin da yafi kowane wahala, wato kankare kwalta. Masuntanmu da kwalta da tsumma ko auduga suke toshe tsakanin katakai, to rezin baya shiri da kwalta ko kaɗan, haka fenti da baƙin mai. Sai ka kankare da ƙarfe ka bi da giranda da samfefa mai lamba 40, har farin katako ya fito ko'ina, kada kace ai ɗan wannan tabon ba komi, daga nan ɗin ɓanɓarowa ke farawa. Kusurwoyi masu kaifi kuma a goge su su yi zagaye don zanen faiba baya lanƙwasa bisa kaifi, sai ya ɗaga ya bar iska a ƙasa. Ramuka da tsagu ka cike su da rezin da aka kwaɓa da garin katako mai laushi har yayi kauri kamar tunkuza, in ya daskare ka goge ya daidaita, ka share ƙurar duka ka bi da tsumma mai aseton, wato wani ruwan wanke maiƙo mai saurin bushewa.

Kaya kuma, rezin iri biyu ne. Akwai foliyesta, shine masu gyaran bambar mota da tankin ruwa ke aiki dashi, yafi araha kuma yafi samuwa, in baka samu a shagunan kayan gini na nan ba sai ka bada saƙo Kano. Akwai efoksi, yafi kama katako nesa ba kusa ba amma da tsada, kuma shi da saƙaƙƙen zanen faiba yake tafiya, wancan mai zaruruwa a barbaje da ake ce ma mat an yi shi ne don foliyesta. Ni foliyesta da mat nayi amfani dasu don su aljihuna ya iya. Ka duba rezin ɗin kafin ka biya, in yayi kauri ko da gudaji a ƙasan gwangwani tsoho ne ka bar musu abinsu, dama wata 6 ne kwanansa kuma zafi na rage shi. In ka kawo gida aje shi a inuwa kusa da randa.

Lissafin ba wuya. Mat mai giram 450 a kowace murabba'in mita yana shan rezin wajen kilo 1. Bayan jirgina ya kai murabba'in mita 10, na yi shimfiɗa biyu, kaga kenan mat murabba'in mita 20 da rezin kilo 20, na ƙara kilo 4 saboda shafin farko da ciko. Ka sani jirgin zai ƙara nauyin kusan kilo 30.

Maganin daskarewa, wanda a jikin kwalbar an rubuta MEKP, masu sayarwa na ce mishi hadna ko katalizer, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa. Wato a rabin kilo na rezin mililita 5 in da ɗumi, 10 in safiyar sanyi ce. Da sirinji zaka auna, kada ka yarda da ƙiyasin ido. Kuma rabin kilo rabin kilo zaka dinga kwaɓawa don minti 15 zuwa 20 ne kawai a hannunka, in ka kwaɓa da yawa a bokiti shi da kanshi yake ɗaukar zafi har yayi hayaƙi. Dan Allah a kula da wannan maganin, ɗigo ɗaya a ido na iya makantar da mutum, sa tabarau da safar hannu da takunkumi, ka aje bokitin ruwa kusa. In an haɗo maka da wani ruwa mai launin shuni da ake kira kobal, kada ka taɓa haɗa shi da MEKP kai tsaye, wuta yake tashi, shi a cikin rezin ake fara juya shi tukuna. Murhu da sigari a nesa, yara da awaki a ɗaura musu iyaka, kuma a fili ake aikin ba cikin ɗaki ba saboda warin na hawa kai.

Ranar shafi bayan sallar asuba zaka fara, ku biyu, ɗaya na kwaɓawa ɗaya na shafawa. Ka yayyafa ruwa a ƙasan tsakar gida don ƙura, ka ɗaura tabarma ta gefen da iska ke kaɗowa amma kada ruwan ya taɓa jirgin. Mat ɗin tun jiya ka yanka shi ka jera. Fara shafa rezin zalla a katakon ya sha, in ya soma danƙo sai ka ƙara wani ka ɗora mat ka dinga dannawa da bakin buroshi, dannawa fa ba ja ba, in ka ja zaruruwan zasu tattaru guri ɗaya. Inda ya sha daidai zaka ga katako ta cikinshi, inda yayi fari iska ce ko ƙishin rezin, ka bi da rola ta ƙarfe ka kore ta zuwa gefe. Kowane yanki ya hau na kusa dashi da santimita 5, kuma bakin da aka yaga da hannu yafi na almakashi ɓacewa. Shimfiɗa ta biyu ka ɗora ta a ranar, gaɓoɓinta kada su faɗa kan na farko. Ƙasan jirgi da hanci inda ake jan shi bisa yashi na ƙara musu ɗauri biyu.

Wata dabara da ta taimake ni, tunda foliyesta riƙonshi ga katako ba mai ƙarfi bane, sai na naɗo faibar har ta haye bakin jirgin na danne ta da siririn katako da sukurori daga hanci zuwa wutsiya, ta yadda ruwa baya samun bakin da zai shiga. Cikin jirgin kuma ban lulluɓe shi ba, fenti kawai na yi, don katako na son hanyar da zai fidda laima, in ka rufe shi ciki da waje ruwa ya samu ƙofa ɗaya to a ɓoye zai ruɓe baka sani ba.

Bayan kwana 2 ka goge da samfefa 80, nan ne ƙaiƙayi yake, sa riga mai dogon hannu ka yi wanka da ruwan sanyi don na zafi ƙara shi yake. Ka ƙwanƙwasa ko'ina da ƙaramar guduma, inda yayi ƙarar ganga ka fasa ka sake mannawa. Sai fentin mai shafi biyu don rana bata barin rezin tsirara. Na bar shi sati ɗaya, na juyo shi na zuba ruwa jarka 4 a ciki ya kwana, da safe ƙasa a bushe, na kwashe ruwan ya sha iska sannan muka ɗora shi a mota. Kawu da kanshi ya fara shiga ya kai har bakin kacalla ya dawo, ƙwaryar kwalfar tana nan a bushe inda ya aje ta. Yanzu in an tashi daga su sai mu jawo shi tudu mu kife shi bisa itace biyu, duk inda dutse ya karce kuma mu goge mu manna ɗan mat a ranar kafin ruwa ya samu katako.