In gwaji ya nuna sugarka ta fara hawa, ga abin yi

Jama'a masu tumbi, musamman in bayan wuyanka ya fara baƙi kamar dauɗa amma sabulu baya fitar da shi, dan Allah je ka auna suga. Ka kwana baka ci komai ba awa 8, ko shayi kar ka kurɓa, da safe ka wuce labo. Nan Garwa da Marwa da g/L (giram a kowace lita ta jini) suke rubuta glisemi, wato yawan sugan jini: ƙasa da 1,00 lafiya lau, 1,00 zuwa 1,25 kana bakin gaɓar ciwon suga, 1,26 ko sama kuma sai a maimaita a tabbatar ko ciwon suga ne.

Mai bakin gaɓa jikinsa na yin insulin fa, sinadarin da ke sauke sugan jini, tsoka da hanta ne suka daina jin maganarsa, kitsen ciki na cikin manyan masu jawo hakan, sai suga ta riƙa taruwa a jini.

To magani ko ƙafa? A Amurka an gwada masu bakin gaɓa sama da dubu 3, sakamako ya fito 2002, waɗanda aka ba ƙwayar metformin haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 31, amma waɗanda aka sa su rage kashi 7 na nauyinsu su yi motsa jiki minti 150 a sati nasu ya ragu da kashi 58. Kaga ƙafa ta fi ƙwaya kenan. Mai kilo 90 wajen kilo 6 ake nema a gunshi, ba wai ya rame ba. Fara da sukarin shayin majalisa, shi ne babban ɓarawon, zoborodo a dama ba sukari, makala a rage, tuwo malmala ɗaya miyan ganye da yawa, sannan tafiya minti 30 kwana 5 a sati, in rana ta yi zafi bayan asuba, ba ko'ina ake hawa moto ba.

In likita ya rubuta maka metformin (Glucophage wasu suka sani) sha shi da abinci don farkon yana sa zawo da murɗan ciki, kuma a duba ƙodarka tukuna.

Allurar Ozempic da ake yayatawa a TikTok kuwa tana rage ƙiba da gaske, sai dai ga tsada, in ka daina yawancin nauyin dawowa yake, kuma WHO ta yi gargaɗi 2024 cewa akwai jabunta. Kar ka saya hannun ɗan WhatsApp, farmasi kawai da takardar likita. Glisemi kuma a sake duk shekara.